Haɗa salansar mota a gida: ƙara ba ta da wuyar samu, hayaƙin ne abin tsoro

A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, akwai motocin da kunne ke riga ido sanin sun taho. Ranar rakiyar amarya, ko da dare lokacin da matasa suka cika fada ana dafa shayi, sai a ji rugugi daga can ƙarshen layi, kafin wata tsohuwar Corolla ko Golf ta ɓullo da ƙaton bututu mai ƙyalli a bayanta. Wasu sayo irin wannan salansa suka yi a haɗe. Wasu kuwa da hannunsu suka haɗa ta a ƙofar gida, da bututun da suka samo a kasuwar ƙarafa da ƙaramin injin walda na aro.

Abin ya yi sauƙi yanzu fiye da da. Ƙananan injinan walda ƙirar China, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa ya tafi da su, sun shigo kasuwa. Bidiyoyin koyar da aikin sun cika YouTube da TikTok. Ga kuma matasan da suka yi ci-rani a garejin Najeriya, Aljeriya ko Libiya suka dawo gida da sana'ar a hannu.

Aikin yana yiwuwa a gida. Sai dai ƙarar da ke jan hankalin matasa ita ce abu mafi sauƙin samu, domin ko ƙusa aka sa aka huda tsohuwar salansa za ta yi ƙara. Abin da ke da wuya shi ne a haɗa bututun da zai ɗauki hayaƙi mai guba tun daga injin har bayan mota, bai tsiyaya ƙarƙashin ƙafafun fasinja ba, bai kuma gasa tiyon mai ba. A nan ake gane wanda ya iya da wanda ya ga an yi kawai.

Me ya sa salansa ke riga sauran mota mutuwa?

Mafi yawan motocin da ke yawo a Nijar sun yi rayuwarsu ta farko a wata ƙasa. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓarsu. Motar da ta shekara goma a Beljiyam ko Jamus ta sha gishirin da ake watsawa kan tituna lokacin dusar ƙanƙara, gishiri kuwa ba abin da ya fi ci kamar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota. Daga ciki ma akwai ɓarna: duk injin da ke ƙona mai yana fitar da tururin ruwa, idan tafiyar gajera ce bututun bai yi zafi sosai ba, ruwan sai ya kwanta a cikin tukunyar salansa ya riƙa cin ta.

Da motar ta iso nan sai ta haɗu da sabon gwaji: hanyar burji mai girgiza, tudun rage gudu, da ramukan damina. Bututun da tsatsa ta riga ta raunana ba ya daɗewa yake tsagewa. Sabuwar salansa ta asali kuma ba kullum ake samunta ba, musamman tun da rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Masu motoci a Maraɗi da Damagaram sukan dogara da kayan da ake shigowa da su daga Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen ƙarafa da kayan mota, na Yamai kuma su leƙa Katako da wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci. Saboda haka ba duk mai haɗa salansa a gida ne ɗan ƙwalisa ba. Wani larura ce ta sa shi.

Abin da ke tsakanin injin da bayan mota

Salansa, wadda wasu kanikawan Nijar ke kira eshapma, ba bututu ɗaya ba ce. Daga jikin injin akwai ƙarfe mai rassa wanda ke tattara hayaƙin kowace silinda ya zuba shi wuri guda. A nan zafin hayaƙi kan wuce digiri 600, idan injin na aiki da ƙarfi ma ya doshi 900. Bayansa akwai wata ƴar na'ura da aka ɗaure a jikin bututu, mai auna yawan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi tana shaida wa kwamfutar mota. Sai katalizar, wato tukunyar da ke tace guba. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, akwai gaɓa mai saƙar waya wadda ke lanƙwasa idan injin ya motsa. Daga nan bututu ya miƙe ƙarƙashin mota zuwa tukunya ɗaya ko biyu masu kashe ƙara, sannan bakin da hayaƙi ke fita.

Tukwanen kashe ƙara iri biyu ne. Na asali galibi ɗakuna ne a ciki, hayaƙi na shiga wannan ya juya ya shiga wancan, ƙarar na karo da kanta tana mutuwa. Na ƴan wasa kuwa bututu ne miƙaƙƙe mai hudoji, an naɗe shi da audugar gilashi. Wannan audugar na shanye siririyar ƙara ta bar mai kauri, shi ya sa ake jin gurnanin da matasa ke so.

Wanda zai yi aiki a gida ya kamata ya tsaya ga ɓangaren da ke bayan katalizar. Daga nan zuwa ƙarshe, kuskure na da gyara. Daga katalizar zuwa gaba kuwa, ƙaramin rami ma na jawo iska daga waje, na'urar awo ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara zuba mai. Mai mota sai ya ga shan mai ya ƙaru bai san dalili ba.

Babban bututu ba shi ne ƙarfin mota ba

Abin da aka fi yarda da shi a fada shi ne, idan bututu ya fi faɗi, mota ta fi gudu. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma kowane bugu idan ya wuce da sauri yana barin gurbi a bayansa wanda ke taimakawa wajen jawo na baya. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, saurin hayaƙin sai ya ragu, ya kuma huce da wuri.

Ƙaramar mota mai injin lita 1.3 zuwa 2.0 kan zo da bututu mai faɗin milimita 40 zuwa 55. Idan aka cire na milimita 50 aka sa na 76, wato inci uku, ramin ya ninka fiye da sau biyu, saurin hayaƙin kuma ya faɗi ƙasa da rabi. Sakamakon shi ne mota mai kasala wajen tashi daga tsaye, a daidai inda direban cikin gari ya fi buƙatar ƙarfi. Abin da ya dace shi ne a auna bututun asali, a yi amfani da irinsa ko a ƙara milimita biyar kacal. Mai son ganin ƙaton baki a baya sai ya sa shi a ƙarshe kawai, tun da ado ne. A kan injin da ba a taɓa cikinsa ba, ƙarfin da sauya bututun baya ke ƙarawa ɗan kaɗan ne, sau da yawa ƙarar ce ke sa direba jin kamar motar ta ƙara gudu.

Zaɓen ƙarfe ma na da muhimmanci. Kaurin bangon bututun salansa kan kai milimita 1.5. Baƙin ƙarfe ya fi araha da sauƙin walda, amma yana tsatsa. Inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ya fi daɗewa, sai dai yana da tsada kuma yana son sandar walda tasa: mai lamba 308L idan inoks da inoks ne, 309L idan za a haɗa shi da baƙin ƙarfe. Wanda ya kamata a guje wa gaba ɗaya shi ne bututun ruwan famfo mai farin rufi. Nauyinsa na tsinka robar rataya, kuma rufin nasa sinadarin zink ne, wanda idan wutar walda ta taɓa shi yake fitar da farin hayaƙi mai jawo zazzaɓi, rawar sanyi da ciwon jiki bayan ƴan awoyi. Araha dai ba ta ado.

Kafin a kunna injin walda

Haɗarin farko ba ya jiran a fara walda. Jak an yi shi ne don ɗaga mota a sauya taya, ba don mutum ya kwanta ƙarƙashinta ba. Bulon siminti ma yana iya dagargajewa ba tare da gargaɗi ba. Ana buƙatar ƙafafun ƙarfe na tallafe mota a kan daɓe mai ƙarfi, a kuma dogare tayoyin da ke ƙasa. A kan yashi, irin na tsakar gida da yawa, komai na iya nutsewa ya karkace. Wanda ba shi da waɗannan gara ya biya kuɗin amfani da ramin gareji na yini ɗaya.

Haɗari na biyu wuta ce. Tankin mai da tiyonsa suna maƙwabtaka da salansa a ƙarƙashin mota, kuma a motoci da dama tankin na roba ne. Man fetur na fitar da tururi mai kamawa da wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin watan Afrilu. Gidan da ake ajiye jarkar mai, ko zana da karan dawa, ko abincin dabbobi, ba wurin tartsatsi ba ne. Dokar da ƙwararru ke bi ita ce: a ƙarƙashin mota ɗigo kawai ake yi don riƙe gaɓoɓi, cikakkiyar walda kuwa sai an sauke bututun an yi nesa da motar. Ko ɗigon ma, sai an cire wayar batir, an maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki, domin kada wuta ta bi ta wayoyin mota ta ƙona kwamfuta. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara su kasance a kusa.

Na uku lafiyar mai aikin. Hasken walda na ƙona fatar ido, kuma ciwon ba ya zuwa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, a tsakiyar dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na rana ba ya kare wannan, ana buƙatar garkuwar fuska mai gilashin walda lamba 10 ko 11. Yaran unguwa da ke taruwa kallo su ma idonsu na cikin haɗari, dole a kore su. A shekarar 2017, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Don haka a yi aikin a sarari, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuska. Kuma kada a wanke ƙarfen da maganin feshin wanke birki kafin walda, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin kulorin wanda wuta ke mayarwa iska mai kisa.

Yadda ake haɗawa

Aikin na farawa da tsohuwar salansa. Kafin a kwance ta, a ɗauki hotonta a waya daga kowane gefe, a auna tazarar da ke tsakaninta da jikin mota, a kuma lura da inda ƙugiyoyin rataya suke. Ita ce taswira. Notocin da suka yi tsatsa a jiƙa su da man sassauta ƙarfe tun daren jiya, domin wanda ya karye a jikin katalizar zai mayar da aikin yini ɗaya na kwana uku.

Lanƙwasa bututu ne ke ba mutane wuya. Idan aka sa shi a gindin itace aka danne, kwanar za ta maƙure, ramin ya tsuke. Hanyoyi uku ake bi. Ta farko, a yanko kwanoni masu lafiya daga wata tsohuwar salansa a haɗa su da miƙaƙƙen bututu. Ta biyu, a cika bututun da yashi a toshe bakinsa, a gasa wurin har ya yi ja sannan a lanƙwasa a hankali. Yashin dole ya zama busasshe ƙarau, domin mai laima zai zama tururi ya fasa toshiyar. Ta uku, a yanka bututun gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, a jera su su ba da kwana. Wannan ta fi kyan gani, amma kowace gaɓa wuri ne da hayaƙi zai iya tsiyaya.

Ana jerawa ne daga gaba zuwa baya, amma tukunyar ƙarshe ita ake fara ratayewa a mazauninta, a tabbatar bakinta ya zauna daidai, sannan a haɗa abin da ke tsakani. Kowace gaɓa a yanka ta miƙe, a gurje bakinta har ƙarfe ya yi fari, a haɗa baki da baki babu rata. A yi ɗigo uku ko huɗu a zagaye, a ja layi da alli a kan gaɓar domin a gane idan ta juya, sannan a sauke duka.

Siririn bututu ba ya jure wuta mai yawa. Sandar walda, wato baget, mai kaurin milimita 2.5 ko 3.2 da ake yin ƙofa da taga da ita huda shi za ta yi. Ana amfani da ta milimita 1.6 ko 2.0, a rage wuta zuwa wajen amfiya 40 zuwa 55, a riƙa ɗigo kan ɗigo, ana kankare dattin walda kafin a ɗora na gaba, ana kuma tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya karkatar da bututun. Shi ya sa masu gyaran salansa na bakin titi suka fi son waldar gas, wadda wutarta ta fi laushi a kan siririn ƙarfe. Injin walda mai tura waya, wanda ake kira MIG, shi ya fi sauƙi ga ɗan koyo idan ya samu. Ko wanne za a yi amfani da shi, a fara gwaji a kan guntayen bututu har sai hannu ya zauna. Doguwar waya siririya da ake jawo kuran da ita daga ɗaki tana rage ƙarfin wuta tana kuma zafi, don haka a nemi mai kauri, gajera.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a manne salansa gaba ɗaya ta zama sanda guda. Ranar da za a sauke giya ko tankin mai, sai an yanka ta. A bar gaɓa ɗaya ko biyu masu kwancewa, ko dai mai noti da gaskit, ko wadda bututu ke shiga cikin ɗan uwansa a ɗaure da maɗauri.

Rataya ta fi walda kashe salansa

Ƙarfe na ƙara tsawo idan ya yi zafi. Bututun baƙin ƙarfe mai tsawon mita uku, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yana ƙara kusan santimita ɗaya, na inoks kuma santimita ɗaya da rabi. Injin ma yana motsi a kan robobinsa duk lokacin da aka taka totur. Saboda haka salansa ba a ɗaure ta tamau, rataye ta ake yi da roba domin ta samu wurin motsi. Wanda ya yi waldar ƙarfe kai tsaye daga bututu zuwa jikin mota, ko ya ɗaure da waya, zai ji girgiza har a sitiyari, kuma ba da jimawa ba waldar za ta tsage.

A yi amfani da ƙugiyoyin asali na jikin mota da sababbin robobi. A bar tazarar aƙalla santimita biyu da rabi tsakanin bututu da jikin mota, fiye da haka kusa da tankin mai, tiyon birki da robar bamba. Farantan kare zafi da kamfani ya sa a mayar da su, ba ado ba ne. Wurin da bututu ke haye ƙarfen tayoyin baya kuma a tuna cewa motar da ke sama a kan tallafi ba haka take ba idan an sauke ta an loda mata mutum biyar da buhun gero. Kuma kada wani ɓangare na salansa ya sauko ƙasa da inda ta asali take, in ba haka ba tudun rage gudu na farko ne zai yi mata hukunci.

Gubar da ba ta da wari

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. A tada mota a sarari tana sanyi, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na ƴan daƙiƙu, wani kuma ya bi kowace gaɓa da ruwan sabulu. Inda kumfa ta tashi, akwai rami. Bayan kwana biyu ana tuƙi a sake dubawa, baƙin toka a gefen walda alama ce ta tsiyaya.

Dalilin wannan tsanani shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini na kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da barci, abubuwan da mutum zai ɗauka gajiya ce ko farkon zazzaɓin cizon sauro. Idan duk mutanen cikin mota suka fara ciwon kai tare, suka kuma ji sauƙi bayan sun fita, salansa ce abin tuhuma ta farko. Tsohuwar mota mai hudoji a daɓenta, gilashi a rufe, kilim na aiki tana tsaye, ita ce tarkon da ya fi muni, kuma yaran da ke barci a kujerar baya su ne ba za su iya faɗin abin da suke ji ba.

Inda bakin salansa ya ƙare ma na da nasa hukunci. Dole ya wuce ƙarshen jikin mota. Wanda aka yanke ya tsaya a ƙarƙashi, ko aka fito da shi ta gefe gaban tayar baya kusa da taga, yana mayar da hayaƙi ciki. Mota na tafiya, iskar da ke bayanta juyawa take yi, tana iya tura hayaƙin ta ƙofar but idan robarta ta mutu.

Katalizar: abin da ake cirewa a sayar

Cikin katalizar akwai wani abu mai kama da saƙar zuma, wanda kanikawan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. An shafe shi da ƴan giram kaɗan na ƙarafa masu daraja: filatinom, faladiyom da rodiyom. Idan ya yi zafi sosai, yana iya kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na kabon monoksaid da sauran guba. Injiniya ɗan asalin Faransa Eugène Houdry ne ya yi rajistar irin wannan na'ura a Amurka a shekarun 1950. Ta bazu a motocin Amurka daga 1975, a Tarayyar Turai kuma ta zama dole ga sababbin motocin fetur daga 1993. A da man fetur mai dalma na kashe ta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da shi tun farkon 2006.

Darajar waɗannan ƙarafa ce ta sa ake farautar katalizar. A watan Maris na 2021 farashin rodiyom ya kai wajen dalar Amurka 29,000 kan kowane oza, wato giram 31. Shi ya sa wasu motoci ke isowa an riga an ƙwaƙule cikinta, wasu masu mota kuma a lallashe su cewa cire ta zai sa mota ta numfasa. Katalizar mai lafiya ba ta hana ƙaramar mota gudu. Idan ta toshe, akwai dalili, galibi injin na shan baƙin mai ko fulogi ba ya ƙona mai sosai, kuma wannan ne ya kamata a gyara. Wanda ya cire ta ya sa miƙaƙƙen bututu, fitilar gargaɗin injin za ta kama a motocin da ke da na'urar awo ta biyu, kuma duk wata ƴar tsiyaya da ta faru daga baya gubarta ta ninka. Kuɗin da aka karɓa na rana ɗaya ne, hayaƙin kuwa mai mota da iyalinsa da ɗan kabu-kabun da ke bayansa a danja ne za su riƙa shaƙa.

Ƙara, maƙwabta da dokar ƙasashen waje

Ƙarar da ke daɗi a zagayen unguwa ba ita ce ke daɗi a doguwar hanya ba. Miƙaƙƙiyar tukunya kan yi wani gunji mai cika cikin mota idan injin na juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti, daidai saurin da ake riƙewa a kan babbar hanya. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, kuma wanda ya yi su cikin wannan gunji zai sauka da kunne na amo. Masana lafiyar kunne sun ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 iyakarta awa takwas a rana, mai desibel 100 kuwa minti 15. Maganin gunjin shi ne a bar ƙaramar tukunyar tsakiya a inda take, a sauya ta ƙarshe kawai. Wannan kuma shi ne zaman lafiya da maƙwabcin da ke da jariri ko majiyyaci a ɗakin da ke bakin titi.

Ga ƴan Nijar mazauna ƙetare, maganar ta wuce ta maƙwabtaka. A Faransa, salansar da aka sauya ta ƙara ƙara laifi ne mai tarar yuro 135, fiye da jika 88 na sefa, kuma mota na zuwa binciken lafiya duk shekara biyu da zarar ta cika shekara huɗu. A Ingila, motar da aka cire wa katalizar ta asali ba ta cin jarrabawar shekara-shekara. A Amurka dokar tarayya ce ta haramta cire ta. Bidiyon da aka ɗauka a filin tsere ba ya faɗin wannan. Mai aiko wa ƙanensa mota daga can kuma zai yi masa alheri idan ya sa aka ɗaga ta aka duba salansa da katalizar kafin ta hau jirgin ruwa, aka kuma sake dubawa ranar da ta iso.

Matashin da ke son gwada hannunsa yana da inda zai fara: awo, yanka, jerawa, sauya robobin rataya da ɗora tukunyar ƙarshe duk ayyuka ne da za a iya yi a gida. Idan hannunsa bai zauna a walda ba, babu abin kunya ya ɗauki bututun da ya yi wa ɗigo ya kai wa mai waldar gas ya kammala, ya tsaya ya ga yadda ake yi. Amma ko wane ne ya yi waldar, kada motar ta ɗauki fasinja ko ɗaya sai ruwan sabulu ya bi kowace gaɓa bai yi kumfa ba.